Farin Jinin Kwankwaso da Masu Ganin Wautar Talaka

Tun da aka kammala zaɓen 2023, da wuya a zauna a majalisar 'yan boko ana tattauna siyasar Arewa ba a taɓo Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ba. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, da zarar an ambaci sunansa, sai zancen ya bar kansa ya koma kan mabiyansa. Wani ya ce taron yuyuyu ne. Wani ya ce yara ne marasa aikin yi da aka saya wa jar hula. Wanda ya fi kowa ladabi a cikin masu sukar shi ne zai gyara zama ya ce ai mutumin gwanin karanta zuciyar talaka ne, ya san abin da zai faɗa a yi masa tafi, kuma farin jinin nasa bai wuce Kwanar Dangora ba. Daga nan sai a yi dariya, a wuce zuwa wani zance, kamar an gama shari'a.

Ni ban ga an gama ba, shi ya sa na ware filin wannan mako domin batun. Kafin mai karatu ya saka mini hula, bari in faɗa masa cewa ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma akwai abubuwa da dama a siyasar Kwankwaso da ba su kwanta mini ba, zan kuma zo kansu. Abin da ya dame ni shi ne nau'in sukar. Idan ka ce manufar ɗan takara a kan ilimi ba za ta ɗore ba, ka soki ɗan takara. Idan kuwa ka ce mutanen da suka zaɓe shi ba su san abin da suke yi ba, to ka bar ɗan takara ka koma kan mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma wannan zargi ne babba da yake buƙatar hujja babba.

Mu fara da alƙaluma, tunda mu malamai muna yawan cewa su ne alƙalai. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Kwankwaso ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,496,687. Daga ciki, 997,279 a Jihar Kano ya same su. Bola Tinubu, ɗan takarar jam'iyyar da ke mulkin jihar da ƙasar baki ɗaya a lokacin, ya samu 517,341 a Kano. Atiku Abubakar ya samu 131,716. Peter Obi kuma 28,513. Ko an haɗa ƙuri'un mutum ukun nan wuri guda, Kwankwaso ya ba su ratar da ta haura dubu ɗari uku. Ya yi wannan ne a jam'iyyar NNPP, wadda ya shiga a watan Maris na 2022, wato ko shekara bai cika a cikinta ba, kuma kafin shigarsa mafi yawan Kanawa ba su taɓa jin sunanta ba. Rabonsa da kujerar gwamna tun 2015, rabonsa da Majalisar Dattawa tun 2019. Ba shi da baitulmali a hannu, ba shi da shugabannin ƙananan hukumomi, ba shi da ikon naɗa kowa ko sauke kowa. Ga shi kuma an yi zaɓen ne a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin Naira ya haifar, lokacin da mai kuɗi a banki ma yake kwana a layi domin ya ciri dubu biyar. Wanda ya ce sayen ƙuri'un nan aka yi, sai ya gaya mana da wane kuɗi, kuma me ya hana masu gwamnati, waɗanda suka fi shi abin hannu, su saye su.

Sai batun makauniyar biyayya, kuma a nan ne na fi ganin masu sukar sun yi wa tarihi riƙon sakainar kashi. Ai waɗannan Kanawan da ake cewa ba su da tunanin kansu, su ne suka kayar da Kwankwaso a 2003, yana kan kujerar gwamna, yana jam'iyyar da ke mulkin ƙasa, suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau, malamin makaranta kuma tsohon babban sakatare. Shekara takwas bayan nan, Shekarau na kan mulki, suka ƙi ɗan takarar da ya tsayar, suka dawo da Kwankwaso da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗari ba. Kafin su, iyayensu sun yi wa Alhaji Abubakar Rimi irin wannan a 1983. Rimi, wanda ya soke haraji da jangali, wanda in ya kama lasifika gari yake tsayawa, da ya bar PRP ya koma NPP sai suka juya masa baya suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo. Haka nan Kanon da ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a kusan miliyan biyu a 2015, ita ce ta rage masa zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi a 2019, kuma ita ce ta ba jam'iyyarsa kaɗan fiye da rabin miliyan a 2023. Mai zaɓen da yake ɗorawa yana saukewa, yake ƙarawa yana ragewa, lissafi yake yi. Za ka iya cewa lissafinsa bai yi daidai ba, amma ba za ka ce babu lissafin ba.

To me yake lissafawa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata masu nazarin siyasa su yi, amma raini ya hana su. Ɗauki magidancin da yake zaune a Kurna ko Rimin Kebe, ko manomi a Madobi. Abin da ya sani game da gwamnati shi ne abin da ya iso ƙofar gidansa. Ya ga an ciyar da ɗansa a makarantar firamare. Ya ga an kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001, sannan aka ƙara ta Northwest a 2012, a jihar da a da duk mai neman digiri sai ya yi gogoriyon gurbi a Jami'ar Bayero. Ya ga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. Ya ga ƙanwarsa bazawara ta shiga ɗaki a auren gata da aka fara a 2012 ƙarƙashin kulawar Hisba, da gadonta da katifarta da ɗan jarinta. Mafi girma duka, ya ga ɗan maƙwabcinsa, wanda ubansa faci yake yi ko sayar da goro, ya hau jirgi ya tafi ƙasar waje karatun digiri na biyu saboda sakamakonsa ya yi kyau, ba don ya san wani ba. Rukunin farko kaɗai ɗalibai 501 ne. Mu da muke koyarwa a jami'o'i da kwalejoji mun san inda da yawansu suke a yau, domin ofis ɗaya muke zama da su, kuma wasunsu sun riga sun kammala digiri na uku suna duba ayyukan ɗalibai.

Ɗan boko zai iya cewa wannan duk rabon alheri ne, tsari na ainihi dabam yake. Akwai gaskiya a ciki, amma a yi hattara. Mu da albashinmu yake shigowa, muke iya kai 'ya'yanmu makarantar kuɗi, muke da rijiyar burtsatse da na'urar hasken rana a gida, muna da sararin da za mu jira gyaran tsari na shekara ashirin. Wanda ɗansa zai bar makaranta a wannan zangon saboda kuɗin jarrabawa ba shi da wannan sararin. Idan ya zaɓi wanda ya biya kuɗin, ya bi maslaharsa ne kamar yadda ɗan kasuwa yake goyon bayan wanda zai rage masa kuɗin fito, kamar kuma yadda mu malaman jami'a muke auna kowane ɗan takara da abin da zai yi wa yarjejeniyar 2009. Ban taɓa jin an kira ɗan kasuwar nan jahili ba, mu ma ba a kira mu ba. Talaka kaɗai ne idan ya bi maslaharsa sai a ce an yaudare shi.

Akwai kuma wani abu da masu cewa Kwankwaso mai neman tafi ne kawai suke tsallakewa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatinsa ta hana sana'ar acaɓa. Duk wanda ya san Kano ta wancan lokaci ya san 'yan acaɓa runduna ce guda ta masu ƙuri'a, kuma dubban gidaje da ita suke cin abinci. Ya hana barace-barace a kan titi, matakin da ya jawo masa baƙin jini a wurin mutanen da ba a son ɓata musu rai a shekarar zaɓe. A watan Yunin 2014 ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi sarauta, matasa suka fito kan titi suna zanga-zanga, bai janye ba. Ba ina cewa duk matakan nan daidai ne ba. Kowannensu yana da masu suka da hujjoji masu nauyi, kuma rikicin masarauta har yau bai bar Kano ta huta ba. Abin da nake nunawa shi ne, mutumin da iska take kaɗawa duk inda taro ya karkata ba ya ɗaukar irin waɗannan matakai. In ma akwai aibi a halinsa, ya fi kusa da taurin kai.

Yanzu ga zancen "bai wuce Kano ba". Wannan gaskiya ce ta lissafi, kashi biyu cikin uku na ƙuri'unsa daga jiha ɗaya suka fito. Amma ina so mai karatu ya koma zaɓen 1979. Malam Aminu Kano ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, ya zo na huɗu, bayan Shehu Shagari da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe, da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, kimanin kashi goma cikin ɗari. Jiha ɗaya tak ya ci, ita ce Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa. Matsayi ɗaya, jiha ɗaya. Shin akwai wanda a yau zai tashi a Gidan Mambayya ya ce Malam ɗan siyasar unguwa ne? Filin jirgin sama da asibitin koyarwa da kwaleji duk sunansa suke ɗauke da shi, kuma jikokin waɗanda suka ɗaure magoya bayansa suna cikin masu yi masa addu'a duk 17 ga Afrilu.

Ba ina daidaita mutanen biyu ba ne. Malam ya rayu ya rasu a ɗan gidansa na Gwammaja, bai taɓa riƙe baitulmalin jiha ba, kuma aƙidarsa ta fi ta kowane ɗan siyasar yau zurfi da tsari. Abin da ya yi kama shi ne bakin masu suka. Lokacin da aka kafa NEPU a watan Agustan 1950, masu faɗa a ji sun ɗauki mabiyanta a matsayin 'yan tasha da marasa kunya, teloli da mahauta da 'yan koli waɗanda ba su san girman na gaba ba. Da aka zo zaɓen 1951, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓen hawa-hawa ne, kuma an bai wa hukumar En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai aka wayi gari jam'iyyar ba ta da kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. Hujjar da aka kafa ita ce talaka bai kai ya zaɓa da kansa ba, sai an tace masa. Da irin wannan hujja aka hana matan Arewa jefa ƙuri'a har bayan tsakiyar shekarun 1970, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan haka. Saboda haka idan na ji mai digiri uku a yau yana cewa matsalar dimokuraɗiyyarmu ita ce ƙuri'ar farfesa da ta mai tura baro ɗaya ce, na san zancen tsoho ne, riga kawai ya canza. Abin takaicin shi ne mai faɗar, in ka bincika, sau da yawa kakansa yana cikin waɗanda aka ce ba su kai ba.

Awolowo ma haka aka yi masa. Ilimin firamare kyauta da ya fara a Jihar Yamma a 1955, abokan hamayya sun kira shi dabarar neman ƙuri'a, kuma har ya rasu ana ce masa shugaban Yarabawa kawai. Jihohi biyar ya ci a 1979, duk a yankinsa da maƙwabtansa. Yau tazarar ilimi da ke tsakanin Kudu maso Yamma da mu ita ce amsar wannan suka.

Na san abin da mai karatu mai kaifin hankali zai ce a nan: to Buhari fa? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu suka suke da ita, kuma ba zan kauce mata ba. Babu ɗan siyasar da talakan Arewa ya so a zamaninmu kamar Buhari. Ya samu ƙuri'a sama da miliyan goma sha biyu a 2011 a jam'iyyar CPC da ba ta da gwamna ko ɗaya, mutane suka yi ta sayen katin waya suna tura masa gudunmawa. Ya yi shekara takwas a kan mulki, kuma Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari sun san yadda aka ƙare ta fuskar tsaro, buhun shinkafa ma ya san inda ya kai. Darasin a fili yake, ƙaunar jama'a ba ta tabbatar da iya mulki. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, a 2015 ba talaka kaɗai ya bi Buhari ba. Farfesoshi da manyan lauyoyi da marubutan jaridun Legas da Abuja su ne suka rubuta masa takardun manufa, suka tallata shi a gida da waje. In kuskure ne, tare aka yi, bai kamata a bar wa mai tura baro kayan shi kaɗai ba. Na biyu, farin jinin Buhari ya ginu ne a kan kyakkyawan zaton da aka yi wa halinsa, na Kwankwaso kuwa a Kano ya ginu ne a kan shekara takwas na mulkin farar hula da mutane suka gani da idonsu, suka hukunta shi a kan zangon farko, suka saka masa a kan na biyu. Ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne.

Ga inda nake ganin ya kamata a matsa masa, kuma a matsa da gaske. Rubuta "Kwankwasiyya" a kan rufin gine-ginen da aka yi da kuɗin jama'a bai dace ba, domin dukiyar ta Kanawa ce duka, har da waɗanda ba su zaɓe shi ba. Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi, da yawansu an bar su ba a kammala ba. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo sun daɗe mafi yawansu babu kowa a ciki, kuma batun kuɗin 'yan fansho da aka zuba a harkar ya jawo ce-ce-ku-ce mai tsawo. Gwamnatin da ta gaje shi ta yi ta ƙorafin bashin kuɗin makarantar ɗaliban da aka tura waje, wasu ɗaliban kuma sun sha wuya a tsakani. Ko laifin na wane ne, shirin da zai tsaya cak da zarar mai shi ya sauka yana da rauni a gininsa. Sannan ga yawan sauya sheƙa: PDP, APC a 2013, PDP a 2018, NNPP a 2022. Tafiyar da sunan mutum ɗaya ne tutarta, dole a tambayi me zai rage mata ranar da ba ya nan, da kuma wa yake iya ce masa a'a a cikinta. NEPU tana da takardar aƙida da mutum zai karanta ya yarda ko ya ƙi. Ina son in ga makamanciyarta a nan.

Uwa uba, sashe na 134 na kundin tsarin mulki bai san girman taro ba. Yana buƙatar mafi yawan ƙuri'u da kuma kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mutumin da ya riƙe Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai tun 1992, ya yi Ministan Tsaro, ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani na APC a Legas a 2014 gaba da Atiku, bai kamata a ce har yanzu Katsina da Bauci da Kaduna suna yi masa kallon baƙo ba, balle Inugu da Ibadan. Tattaunawar haɗin gwiwa da jam'iyyar Labour da ta wargaje a 2022 a kan wa zai bi bayan wa, ta nuna cewa gina ƙawance, wanda shi ne rabin siyasar Nijeriya, har yanzu bai zama gwanintarsa ba. Duk waɗannan tambayoyi ne da za a yi masa a gaban makirfo, kuma mabiyansa ba su da hurumin zagin wanda ya yi su. Zage-zagen da wasunsu suke yi a Facebook da gidajen rediyo abin ƙyama ne, kamar yadda na sojojin bakan sauran jam'iyyu yake, kuma shugaban da yake da iko a kan mabiyansa irin nasa zai iya rage shi in ya ga dama.

Amma dubi bambancin. Duk abin da na lissafa a sama suka ce da za a iya amsawa da takarda da alƙalami: nawa aka kashe, nawa aka kammala, wa ya ci bashi, wa ya biya. Ba sai na ce wa kowa jahili ba kafin in yi ta. Ita kuwa sukar da ta tsaya a kan launin hula da yawan masu ihu a bayan mota, ba ta ƙara wa ɗalibin kimiyyar siyasa komai, kuma tana ba ɗan takarar mafaka, domin duk lokacin da aka zagi mabiyansa, sai su ƙara manne masa, a bar tambayoyin gaske ba a yi ba.

A zaɓen 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Ban ga kowa ya ƙididdige mana kason 'yan boko a cikin waɗanda suka zauna a gida ba, amma duk wanda ya zagaya rumfunan zaɓe a unguwannin masu hali da na marasa hali a ranar ya ga inda layi ya fi tsawo. Matan da suka tsaya a rana da goyo tun safe, da samarin da suka kwana a cibiyoyin tattara sakamako a watan Maris suna gadin ƙuri'arsu saboda abin da ya faru a mazaɓar Gama a 2019, su ne suke riƙe da abin da ya rage na wannan tsari. Ina ba ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri shawara su ɗauki littafi da biro su shiga Fagge da Dala da Gwale da Ƙiru, su zauna da mutum ɗari biyu daga cikinsu, su tambaye su dalilin zaɓinsu, da abin da zai sa su canza shi, su rubuta amsar yadda aka ba su.